Me Ya Sa Ake Auna Tsayi da Nauyi Kafin a Ga Likita?

Wanda ya je asibiti da ciwon ido ko ƙaiƙayin fata yakan yi mamaki idan ma'aikaciyar jinya ta ce ya cire takalmi ya hau sikeli, sannan ya jingina da bango a ɗauki tsayinsa, alhali bai kawo kukan rama ba, bai kuma kawo na ƙiba ba. Mafi yawan mutane suna yin abin da aka ce ba tare da tambaya ba, suna ɗaukarsa ɗaya daga cikin ƙa'idojin da ake cikawa kafin a shiga wurin likita, kamar yankar kati da bin layi. Al'adar ta zauna har ta kai ga kalmar awo ta zama sunan zuwan mai juna biyu asibiti gaba ɗaya: idan aka ce wance ta tafi awo, kowa ya san inda ta nufa.

A 'yan shekarun nan wasu labarai biyu sun sa mutane sun fara shakkar amfanin wannan aiki. A watan Yunin 2023 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta fitar da matsaya cewa lissafin nan da ake kira BMI, wanda ake samu daga tsayi da nauyi, yana da naƙasu, kuma bai kamata a dogara da shi kaɗai wajen yanke hukunci a kan majiyyaci ba. A watan Janairun 2025 kuma wani kwamiti na masana fiye da 50 daga ƙasashe daban-daban ya wallafa rahoto a ɗaya daga cikin mujallun likitanci na Lancet yana neman a sake fasalin yadda ake tantance ƙiba. Wasu sun karanta kanun labaran suka ɗauka an ce hawa sikeli ɓata lokaci ne. Ba haka takardun suka ce ba. Ana amfani da waɗannan lambobi biyu wajen ayyuka uku mabambanta: lissafin magani, bin sawun yadda jiki ke sauyawa, da kasa mutane rukuni-rukuni bisa ƙiba ko rama. Muhawarar da ake yi ta shafi aiki na uku ne, kuma shi ne mafi rauni a cikinsu tun asali.

Abin da sikeli ke faɗi

Sikeli yana haɗa komai wuri ɗaya: ƙashi, tsoka, kitse, ruwan jiki, abincin da ke cikin hanji, da tufafin da mutum ya sa. Ba ya bambance ɗaya daga ɗaya. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, saboda haka nauyi yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu tsakanin safiya da dare ba tare da an samu ƙarin kitse ko raguwarsa ba. Tsayi ya fi nauyi zama wuri ɗaya, amma shi ma yana ɗan motsi, domin mutum ya fi tsayi da safe da kimanin santimita ɗaya ko fiye, kafin tsayuwa da zirga-zirgar yini su danne gaɓoɓin ƙashin baya.

Nauyi shi kaɗai ba ya nuna ko mutum ya yi ƙiba, sai an san tsayinsa. Daga nan ne BMI ya samo asali. Ana raba nauyi a kilo da tsayi a mita wanda aka ninka da kansa. Mutum mai kilo 70 da tsayin mita 1.70 yana da BMI 24.2. Wani mai kilo 70 ɗin amma tsayinsa mita 1.55 zai samu 29.1, na uku kuma mai mita 1.90 zai samu 19.4. Nauyi ɗaya ne, amma jikin uku ne daban. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga manya, ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce. Waɗannan iyakoki ba a amfani da su ga yara, domin su ana gwada su ne da sa'o'insu a shekaru da jinsi.

Lissafin magani

Dalilin da ya fi kowanne ƙarfi, kuma wanda babu mai gardama a kansa, shi ne cewa magunguna da yawa ana ƙayyade su ne bisa kilo. Magani yana bazuwa a cikin jini da naman jiki, don haka ƙwaya ɗaya a jikin yaro mai kilo 10 ba ɗaya take da ƙwaya ɗaya a jikin babba mai kilo 80 ba. Farasitamol da ake ba yara, alal misali, miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo a sha ɗaya. Idan ya gaza zazzaɓi ba zai sauka ba, idan kuma aka dinga wuce kima hanta ce ke shan wahala.

Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani da Coartem yana da matakai huɗu: daga kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, daga 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, daga 25 zuwa ƙasa da 35 ƙwaya uku, daga 35 zuwa sama ƙwaya huɗu, sau biyu a rana har kwana uku. Yara biyu 'yan shekara uku, ɗaya mai kilo 11 ɗaya mai kilo 16, ba adadi ɗaya za su sha ba, ko da kuwa ranar suna ɗaya aka yi musu. Idan zazzaɓin ya yi tsanani aka koma allurar atesunet, ƙa'idar ita ce miligiram 2.4 ga kowane kilo, amma yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 ga kowane kilo, saboda jikinsa ya fi saurin fitar da maganin. Ba da ƙasa da abin da ya kamata yana da illa biyu: majiyyacin ba zai warke sarai ba, kuma ƙwayar cutar da ta tsira tana samun damar sabawa da maganin. Haka lamarin yake a maganin tarin fuka, inda ake ƙidaya ƙwayoyin bisa nauyi, a kuma ƙara su idan majiyyaci ya murmure ya haura zuwa mataki na gaba.

Ruwa ma da awo ake ba da shi. Yaron da gudawa ta fara busar da shi ana ba shi ruwan gishiri da sukari mililita 75 ga kowane kilo cikin awa huɗu, wato mai kilo 10 zai sha mililita 750. Idan bushewar ta yi tsanani, kamar yadda ake gani lokacin annobar amai da gudawa, ƙarin ruwa ta jijiya yakan kai mililita 100 ga kowane kilo. Wanda ya ƙone da wuta ana lissafa ruwansa ne daga nauyinsa da faɗin wurin da ya ƙone. Mai allurar barci a ɗakin tiyata ba ya fara aiki sai ya san nauyin wanda za a yi wa aikin, kuma mai son ba da gudummawar jini galibi sai ya kai kilo 50 ake karɓa.

Tsayi yana shiga lissafi ta wasu ƙofofin. Magungunan sankara da yawa ana auna su ne bisa faɗin fatar jiki, wanda ake samu daga tsayi da nauyi tare. Hanya mafi sauƙi, wadda aka wallafa a 1987, ita ce a ninka tsayi a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3,600, sannan a nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan sakamakon. Mai santimita 170 da kilo 70 yana da kimanin murabba'in mita 1.8. Girman huhu kuma tsayi yake bi, ba ƙiba ba, shi ya sa wanda aka sa wa na'urar taimakon numfashi ake lissafa iskar da za a hura masa daga tsayinsa. Idan aka bi nauyin da sikeli ya nuna ga gajeren mutum mai ƙiba, iskar za ta fi ƙarfin huhunsa.

Akwai wurin da tsayi ke tsayawa a madadin nauyi gaba ɗaya. Masu rabon maganin Mectizan a ƙauyukan da ke fama da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa, da masu rabon maganin tsargiya a makarantu, ba sa yawo da sikeli. Sanda suke ɗauka mai zane-zane, mutum ya tsaya kusa da ita, inda kansa ya kai shi ke nuna yawan ƙwayoyin da zai sha, kuma yaron da bai kai santimita 90 ba ba a ba shi Mectizan. Sandar ba ta lalacewa, ba ta buƙatar batir, kuma wanda bai yi karatu mai zurfi ba yana iya aiki da ita.

Hausawa suna cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma a kasuwa maganar tana da gaskiya. A wajen maganin yaro kuwa ƙimar ido ba ta isa, musamman a inda yara da yawa suka fi ƙanƙanta bisa shekarunsu. Mai kemis da ya tambayi shekarun yaro kawai ya miƙa magani yana aiki ne da zato.

Lamba ɗaya da jerin lambobi

Amfani na biyu ba ya bayyana a ranar da aka yi awon. Nauyin da aka rubuta yau, ranar da mutum ya zo da ciwon ido, shi ne abin da za a gwada da shi bayan wata takwas idan ya dawo da gajiya da rashin cin abinci. Wannan ne amsar tambayar wanda ya ce bai kawo kukan nauyi ba.

Likitoci suna ɗaukar raguwar kashi 5 cikin 100 na nauyi cikin wata shida zuwa shekara, ba tare da mutum ya nemi ragewa ba, a matsayin alamar da ta cancanci bincike. Ga mai kilo 60, kilo uku ne kacal, kuma babbar riga ko hijabi suna iya ɓoye wannan har ga mutanen gida. Daga cikin abubuwan da ke jawo irin wannan rama akwai tarin fuka, ciwon suga da ba a gano ba, cuta mai karya garkuwar jiki, sankara, yawan aikin ƙullin maƙogwaro, da matsananciyar damuwa. Sikeli ba ya faɗin wanne ne daga ciki. Abin da yake yi shi ne sa likita ya yi tambayoyin da da bai yi ba, ya aika gwajin majina ko na jini.

Hawan nauyi cikin gaggawa ma labari ne, kuma sau da yawa ruwa ne ba kitse ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Mai ciwon zuciya da zuciyarsa ta raunana ana gaya masa ya nemi likita idan ya ƙaru da fiye da kilo biyu cikin kwana uku, domin ruwa yana taruwa kafin ƙafa ta kumbura a fili ko numfashi ya fara sarƙewa. Masu wankin ƙoda ana auna su kafin a ɗora su a kan na'ura da kuma bayan an sauke su, kuma bambancin nauyinsu na yau da nauyin da aka ƙayyade musu shi ke nuna yawan ruwan da za a cire.

Akwai kuma hawan nauyin da magani ke kawowa. Ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha domin su yi jiki kafin biki, sukan ƙunshi dekzametason ko makamancinsa. Wannan magani yana tara ruwa, yana tara kitse a fuska da ciki, yana iya tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, kuma daina shi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha yana da nasa haɗarin. Ba kowace mai sha ce za ta faɗa wa likita ba, amma ƙarin kilo takwas ko goma cikin 'yan watanni a kan kati yana buɗe ƙofar tambaya.

Tsayin babba ba ya buƙatar a auna shi kowane zuwa, sai dai a tsufa yana da abin faɗi. Raguwar santimita huɗu daga tsayin ƙuruciya, ko biyu tsakanin awo da awo, na iya nuna cewa gaɓoɓin ƙashin baya sun fara rushewa saboda laushin ƙashi, abin da ya fi samun mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma wanda galibi ake ɗauka ranƙwafawar tsufa ce kawai.

Katin yaro

A wajen yara ne awo ya fi kowane wuri daraja, domin yaro mai lafiya girma yake yi, kuma tsayawar girma takan riga sauran alamu bayyana. Jariri da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 yana buƙatar kulawa ta musamman. Kowane jariri yakan ɗan ragu a kwanakin farko, har zuwa kashi 10 cikin 100, ya maido cikin mako biyu, ya ninka nauyin haihuwarsa wajen wata biyar, ya ninka shi sau uku a shekara ɗaya. Yaron da bai kai shekara biyu ba a kwance ake auna tsawonsa, daga nan kuma a tsaye.

Katin da ake ɗiga nauyin yaro a kai wata-wata yana da tarihi a Najeriya. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, wanda ya yi aiki a asibitin Wesley Guild na Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile daga ƙarshen shekarun 1950, shi ne ya tsara katin da ya bazu a duniya, tare da tunanin cewa katin ya zauna a hannun uwa, kuma abin dubawa shi ne inda layin ya dosa: idan yana hawa lafiya, idan ya miƙe a kwance a bincika, idan ya sunkuya akwai matsala. Ma'aunin da ake gwada yara da shi a yau Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar a 2006, bayan nazarin yara fiye da 8,000 a Brazil, Ghana, Indiya, Norway, Oman da Amurka tsakanin 1997 da 2003. Babban abin da nazarin ya nuna shi ne, yaran da suka samu nono, abinci da kulawa mai kyau suna girma kusan iri ɗaya a shekarunsu na farko ko daga wace nahiya suka fito. Wannan ya raunana hujjar da ake yawan kawowa cewa ƙanƙantar yara a wani yanki gado ce kawai.

Ana karanta awon yaro ta fuska uku. Nauyi idan aka gwada shi da tsayi yana nuna rama ta kwanan nan, wadda yunwa ko rashin lafiya ke kawowa, kuma ita ce tamowar da ke kisa da sauri. Tsayi idan aka gwada shi da shekaru yana nuna tsumburewa, wadda ke taruwa a hankali, galibi daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara biyu, kuma da wuya a gyara ta bayan nan. Nauyi bisa shekaru kuma yana haɗa biyun. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a arewa maso yamma adadin ya haura rabi. Yaro tsumburarre yana iya zama ba ramamme ba, har ma a gan shi kumari, shi ya sa sikeli kaɗai ba ya gano shi sai an haɗa da awon tsayi da sanin ainihin shekarunsa.

Inda babu sikeli da allon awo, ana amfani da siririn tef mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani, daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sama da haka kore. A yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, wadda ta fi tsanani a yankin Maraɗi, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, mafi yawansu a gida, da haɗin gyaɗa da madara da ake bayarwa a ƙananan ledoji bisa nauyin yaro. Daga baya wani gwaji a Mirya ta jihar Damagaram ya nuna cewa iyaye mata da aka koya wa amfani da tef ɗin suna iya gano tamowa a jikin 'ya'yansu da kansu. Akwai wurin da sikeli ke yaudara a nan: yaron da tamowa ta kumbura shi yana da nauyin ruwa, don haka ake danna bayan ƙafafunsa na daƙiƙa uku a ga ko yatsa zai bar rami.

Masu juna biyu

A awon farko ana ɗaukar tsayi da nauyi domin a san inda aka fara. Ƙa'idar da aka fi ambata, wadda aka fitar a Amurka a 2009, ta ce mace mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin, ramammiya 12.5 zuwa 18, mai ƙiba kuma 5 zuwa 9. Ƙarancin ƙaruwa yana da alaƙa da haihuwar ɗan ƙaramin jariri, ƙiba kuma tana ƙara haɗarin ciwon suga na ciki da hawan jini. Hawan nauyi kwatsam tare da kumburin fuska da hannu na iya zama gargaɗin jijjiga, ko da yake awon jini da gwajin fitsari ne ke tabbatar da ita. Gajarta sosai, a wurare da yawa ƙasa da santimita 150, ana rubuta ta a matsayin abin lura saboda yiwuwar ƙashin ƙugu ya yi wa kan jariri kaɗan, abin da ke kawo doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Alama ce mai rauni, domin mafi yawan gajerun mata suna haihuwa lafiya, amma ta isa a ba da shawarar haihuwa a inda ake iya tiyata. Ƙasashe sun bambanta a kan maimaita awon nauyi: a Ingila ana auna shi a zuwan farko, ba a maimaitawa sai da dalili, yayin da a inda ƙarancin abinci ya yawaita ake ganin amfanin bibiyarsa kowane zuwa.

Inda gardamar take

Wanda ya fara lura da dangantakar nauyi da tsayin da aka ninka da kansa shi ne Adolphe Quetelet, masanin lissafi da taurari ɗan Beljiyam, a shekarun 1830. Shi ba likita ba ne, kuma abin da yake nema shi ne siffar matsakaicin mutum a cikin al'ummar Turai. A ƙarni na 20 kamfanonin inshorar rai na Amurka ne suka yaɗa jadawalin tsayi da nauyi, saboda sun lura masu ƙiba sun fi saurin mutuwa, kuma hakan ya shafi kuɗinsu. Sunan BMI ya zo ne a 1972 daga Ancel Keys, wani masanin kimiyyar jiki ɗan Amurka, bayan nazarin maza fiye da 7,000 a ƙasashe biyar, babu mace ko ɗaya a ciki. Iyakokin kuma mutane ne suka zauna suka ja su: a 1998 da hukumomin lafiya na Amurka suka sauko da iyakar nauyin da ya wuce kima zuwa 25, miliyoyin Amurkawa sun wayi gari a sabon rukuni ba tare da sun ƙaru da ko giram ɗaya ba.

Masu suka suna da hujjoji masu ƙarfi. BMI ba ya bambance tsoka da kitse, saboda haka ɗan kokawa ko ɗan dako mai murɗaɗɗen jiki yana iya faɗawa rukunin masu ƙiba, tsoho kuma da tsokarsa ta zube tumbi ya fito a ce yana daidai. Ba ya nuna inda kitsen ya taru, alhali na ciki, wanda ke kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi jawo ciwon suga da na zuciya. Kuma haɗari ba ya farawa a lamba ɗaya ga kowace al'umma, shi ya sa hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sauko da iyakokin zuwa 23 da 27.5 ga mutanen da asalinsu Asiya ne, ko Gabas ta Tsakiya, ko baƙar fatar Afirka.

Masu kare shi suna cewa babu wani awo mai arha da sauƙi kamarsa, kuma idan aka dubi jama'a da yawa yana tafiya tare da yawan kitse da haɗarin cututtuka. Da shi ne aka san cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙiba, da shi ne kuma binciken 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, yayin da kashi 12 suke a rame. Rahoton 2025 bai jefar da shi ba. Ya ce a riƙe shi a matsayin matakin tantancewa na farko, a tabbatar da wani awon kamar na ƙugu, sannan a raba masu ƙiba gida biyu: waɗanda ƙibar ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓinsu ko ta hana su harkokin yau da kullum, da waɗanda jikinsu ke aiki lafiya amma suna cikin haɗari. Awon da aka fi ba da shawarar ƙarawa mai sauƙi ne: zagayen ƙugu kada ya kai rabin tsayi, wato mai santimita 170 ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Wannan ma sai an san tsayin.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai an samu majiyyatan da ke miƙa ɗan kati mai cewa kada a auna su sai idan akwai larura. Hujjarsu ita ce masu ƙiba sukan tarar an jingina kowane ciwo ga nauyinsu ba tare da bincike ba, wasu suna ƙaurace wa asibiti saboda kunyar sikelin da ke bainar jama'a, masu fama da larurar ƙin cin abinci kuma ganin lambar na iya tayar musu da ciwon. Likitoci da yawa sun yarda babba mai lafiya da ya zo da ƙaramin abu ba lallai a auna shi kowane zuwa ba, amma sun ƙi yarda a bar awo ga yara, masu juna biyu, tsofaffi, masu ciwon zuciya ko ƙoda, da duk wanda za a rubuta wa magani bisa kilo. Matsakaiciyar hanyar da aka samu ita ce a nemi izini, a auna a keɓe, kuma mai so ya hau sikeli yana juya wa lambar baya.

Abin da ya shafi mai zuwa asibiti

A asibitocin da layi ke da tsawo ma'aikata kuma kaɗan, matsalar da aka fi cin karo da ita ba yawan awo ba ce. Sikeli yakan lalace ko ya daina komawa sifiri, a tambayi mutum tsayinsa a rubuta abin da ya faɗa, ko a auna shi da takalmi da jaka a hannu. Kuskuren santimita biyar yana sauya hukunci: mai kilo 78 idan aka rubuta masa mita 1.60 BMI ɗinsa 30.5 ne, idan aka rubuta 1.65 kuma 28.7. Inda ake amfani da fam a maimakon kilo, kamar Amurka, rikita su biyun na iya ninka maganin yaro fiye da sau biyu, tunda kilo ɗaya fam 2.2 ne.

Majiyyaci yana da damar ya tambayi nawa aka samu, ya kuma tambayi dalilin awon. Sikeli biyu ba safai suke ba da lamba ɗaya ba, don haka mai bibiyar nauyinsa saboda ciwon zuciya ko ƙoda ya fi dacewa ya riƙa hawa sikeli guda, da safe, kafin karin kumallo, da tufafi marasa nauyi. Wanda aka ce BMI ɗinsa ya haura yana iya neman a auna ƙugunsa, a duba hawan jini da suga, kafin a ce masa komai game da rage cin abinci. Tunda kuma mutane sukan sauya asibiti, fayil ɗin wani wuri ba ya bin su zuwa wani, katin rigakafin yaro da na awon ciki su ne kawai tarihin awon da ke tafiya da mai shi. Uwar da ta san nauyin ɗanta na watan da ya wuce tana iya faɗa wa mai ba da magani ko da a wurin da babu sikeli, kuma ga jariri ɗan ƙasa da wata shida, wanda ke ƙaruwa da kusan rabin kilo ko fiye a wata, lambar da ta wuce wata biyu ta tsufa, sai an sake aunawa.